MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE MASA YOYO: Abin da ya faru da aka miƙa gidajen iyalan sojoji ga 'yan kasuwa

Jama'a, akwai wata magana da ta kama bakin manyanmu har ta zama kamar karatun allo. Da an ce asibiti ya lalace, ko makaranta ta rushe, ko bariki na yoyo, sai ka ji wani ya gyara babbar riga ya ce, "Ai gwamnati ba ta iya riƙon kaya ba, a ba 'yan kasuwa kawai." Kuma kusan kullum Amurka da Ingila ake kawo mana a matsayin hujja. To, tunda can ake nuna mana, mu je can ɗin mu duba abu guda: gidajen da matan sojoji da 'ya'yansu ke zaune a cikin sansanonin soja.

Matsayata a fili take. Gwamnati na iya ɗaukar ɗan kwangila ya gina mata gida, ya gyara, ta biya shi ya kama gabansa. Amma ranar da ta miƙa masa mukullin gidan na shekara 50, ta haɗa iyalin soja da mai gidan hayar da ya fi ƙarfinsu, ita kanta kuma ta ɗaure hannunta.

Ga yadda abin ya faro. A tsakiyar shekarun 1990, Ma'aikatar Tsaron Amurka ta yi lissafi ta ga kusan kashi biyu bisa uku na gidajen iyalan sojojinta sun tsufa ko sun lalace, kuma idan da kasafin kuɗi za a bi, gyaran zai ci biliyoyin daloli da shekaru kamar 30. Sai a 1996 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ba da damar shigo da kamfanoni. Tsarin shi ne: fili na nan a hannun gwamnati, amma an ba kamfani hayarsa, galibi na shekara 50. Gidajen sun koma hannun kamfani, shi zai rusa, shi zai gina, shi zai gyara, shi zai karɓi haya. Hayar kuwa ita ce alawus ɗin gida da ake ba soja duk wata, wanda ke wucewa kai tsaye zuwa asusun kamfanin. A yau kusan kashi 99 cikin 100 na gidajen iyalan sojoji da ke cikin Amurka, wajen gida 200,000, suna hannun kamfanoni 'yan ƙalilan, irin su Balfour Beatty, Hunt da Corvias.

A faɗi gaskiya komai ɗacinta: da farko abin ya yi kyau. An rushe tsofaffin gidaje, an gina dubban sababbi cikin 'yan shekaru, abin da gwamnati ba ta yi ba a da. Har gobe akwai iyalan da ke zaune lafiya a gidajen nan ba su da ƙorafi. Masu goyon bayan tsarin ba ƙarya suke yi ba idan suka nuna wannan. Sai dai gina gida aikin shekara ɗaya ne ko biyu, riƙon gida kuwa aikin kullum ne. Ranar yanka kintinkiri kowa na wurin da kyamara. Ranar da famfo ya fashe cikin bango da ƙarfe biyun dare, daga matar gida sai lambar wayar kamfani.

A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fara fitar da jerin rahotannin bincike a kan gidajen nan. Abin da aka gani ya tayar da hankali: funfuna ta cinye bango saboda danshi, rufi na yoyo, ɓeraye da kyankyasai sun zama 'yan gida, sannan a tsofaffin gidaje, kamar na sansanin Fort Benning da ke jihar Jojiya, tsohon fenti mai dalma na ɓarɓashewa inda yara ke rarrafe. Mu nan ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba. Mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Amurka ta hana fentin nan a gidaje tun 1978, amma shekara 40 bayan haka ga shi a ɗakin ɗan soja.

A watan Fabrairun 2019 matan sojoji suka zauna gaban kwamitin Majalisar Dattawa mai kula da harkokin soja suka ba da shaida, shugabannin kamfanonin na zaune suna ji. A daidai lokacin wata ƙungiya mai kula da iyalan sojoji ta yi ƙuri'ar jin ra'ayi, mutum sama da 16,000 suka amsa, fiye da rabinsu suka ce zamansu a gidajen bai yi musu daɗi ba.

To me ya kawo haka? Wai kawai an yi rashin sa'ar mugayen manajoji ne? Ni a ganina tsarin ne da kansa ya haifi matsalar, ta hanya huɗu.

Na ɗaya, kuɗin haya ba ya hannun mai haya. A cikin gari, idan mai gida ya ƙi gyara maka masai, kana da abin riƙewa: ka ja masa kuɗin wata, ko ka tattara ka tashi. Shi kuwa soja, kafin ma ya ga alawus ɗin an zare an tura. Ko an gyara ko ba a gyara ba, kuɗin kamfani ya shiga.

Na biyu, soja ba mai zama wuri ɗaya ba ne. Duk bayan shekara biyu ko uku an yi masa canjin wurin aiki. Kamfani ya san haka. Idan ya yi ta cewa "gobe, jibi", watarana mai ƙorafin zai ɗaure kayansa ya tafi, a shafa fenti a kan funfunar, a kawo sabon iyalin da bai san komai ba.

Na uku, tsoro. Soja mutum ne da aka horar a kan biyayya. Ƙaramin soja da ya cika kai ƙara yana fargabar a ce masa mai neman fitina, maganar ta kai kunnen kwamanda, ta taɓa masa ƙarin girma. Wasu matan sun faɗa wa majalisa cewa sun ji tsoron ramuwar gayya. Shi kuma kwamandan da ake zaton zai tsaya musu, yarjejeniyar ta rage masa iko a kan gidajen da ke cikin sansaninsa. Ko kotu aka je akwai wani cikas: sansanoni da yawa a ƙasar tarayya suke, dokokin jiha da ke kare ɗan haya ba kullum suke aiki a cikinsu ba.

Na huɗu, wanda ya fi ba ni takaici, kamfani ne ke rubuta sakamakon jarrabawarsa da hannunsa. A cikin yarjejeniyar akwai tukuicin da ake ba kamfani idan ya yi gyara a kan lokaci. Wa ke riƙe da rajistar lokacin da aka kai koke da lokacin da aka gyara? Kamfanin. An ba kura ajiyar nama kenan. Kuma abin da ake tsoro ya faru. A watan Disambar 2021 kamfanin Balfour Beatty Communities ya amsa laifin zamba a gaban kotun tarayya, ya yarda zai biya sama da dala miliyan 65. Laifin shi ne, tsakanin 2013 da 2019, ma'aikatansa sun riƙa sauya bayanan gyara a kwamfuta, suna nuna an kammala aikin da ba a kammala ba ko ba a yi a kan lokaci ba, don a ci tukuici. Wato mata na tare ruwan yoyo da bokiti, a takarda kuma an rubuta an gyara, har an biya lada.

Kuna zaton an ƙwace gidajen daga hannunsa? Ina! An ci shi tara, an sa masa mai sa ido, ya ci gaba da riƙe gidaje a sansanoni da dama. Bayan wata huɗu kacal, a Afrilun 2022, wani kwamitin bincike na Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Jon Ossoff ya fitar da rahoton cewa irin wannan sakaci bai tsaya ba a sansanin Fort Gordon na Jojiya da sansanin sojan sama na Sheppard a Teksas. Dalilin rashin korar a bayyane yake: yarjejeniyar shekara 50 ce, an ci bashin biliyoyi a kanta, warware ta sai an shirya biyan kuɗi mai yawa.

A ƙarshen 2019 majalisa ta yi dokar da ta tanadi haƙƙoƙi 18 na ɗan haya a gidajen soja. Daga ciki akwai ganin tarihin gyaran gida na shekara bakwai kafin ka shiga, da hanyar sasanta rikici, da riƙe kuɗin haya a gefe har a warware rikicin, da kai ƙara ba tare da tsoron ramuwa ba. Doka mai kyau. Amma ku ji abin mamaki: gwamnatin Amurka, da duk ƙarfinta, ba ta iya tilasta wa kamfanonin nan wasu daga cikin haƙƙoƙin ba, saboda ba sa cikin yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun farko. Sai da ta zauna tana lallashi kamfani bayan kamfani. Ƙasar da ke da jiragen yaƙi a kowane teku, ta koma roƙon mai gidan haya a cikin barikinta.

Ingila kuwa nata salon daban ne, amma ƙarshensa ɗaya. A 1996, gwamnatin John Major ta sayar da gidajen iyalan sojoji sama da 55,000 ga kamfanin Annington a kan fam biliyan 1.66, sannan ta juya ta karɓi hayarsu daga hannunsa. Kuma a yarjejeniyar, gyara na wuyan gwamnati. Ka sayar da gidanka, ka koma ɗan haya a ciki, kuma kai ne mai gyaran rufi! Farashin gidaje ya yi ta tashi, ribar na tafiya wurin kamfani. A 2018 ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya ƙiyasta cewa cinikin ya jawo wa gwamnati asarar tsakanin fam biliyan 2.2 da biliyan 4.2. A Disambar 2024 gwamnati ta sanar da cewa za ta sake sayen gidaje 36,000 da 'yan kai da suka rage, a kan kusan fam biliyan 6. An sayar da masu yawa da arha, an sayo ragowar da tsada ninki uku da wani abu, bayan shekara 28 ana biyan haya.

Me ya shafe mu? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kowa ya san halin da barikokin sojoji da na 'yan sanda da yawa ke ciki a ƙasar nan, kuma tun 2005 muna da dokar da ta ba da damar miƙa kadarorin gwamnati ga 'yan kasuwa ta hanyar haɗin gwiwa. Mun kuma ɗanɗana irin wannan a wutar lantarki tun da aka miƙa rarraba ta ga kamfanoni a Nuwamban 2013: ba ka da zaɓin canza kamfani, kuma idan ba ka da mita, shi ne zai rubuta abin da ya ce ka sha. Amurka na da 'yan jarida masu bin diddigi, da majalisa mai kiran shugaban kamfani ya zo ya amsa tambaya, da kotun da ta ci tarar dala miliyan 65, amma duk da haka sai da aka shafe sama da shekara 20 kafin kukan matan sojoji ya kai inda ya kamata. Ku auna da kanku tsawon lokacin da matar kofur a nan za ta jira, mijinta na daji a Sambisa ko Zamfara.

Wani zai ce, "To malam, gwamnatin ma ai ba gyarawa take yi ba." Gaskiya ne, ba na musu. Amma idan gida na hannun gwamnati, akwai wanda za a kama da suna: minista, hafsan soja, kwamitin majalisa, kasafin bana. Ana iya kunyata su, ana iya sauke su, ana iya kayar da su zaɓe. Yarjejeniyar shekara 50 kuwa ba ta zuwa zaɓe. Wanda ya sa mata hannu zai yi ritaya, ya tsufa, ya bar duniya, tana nan daram.

Don haka duk ranar da aka kawo irin wannan shawara gaban majalisarmu, ga abin da nake ganin ya kamata wakilanmu su tsaya a kai. Mallakar gida da fili ta zauna hannun gwamnati. Kwangilar gyara ta zama gajera, shekara uku zuwa biyar, mai sauƙin sokewa. Kada a rufe takardar gyara sai wanda ke cikin gidan ya sa hannu cewa an yi aikin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu dubawa su zama daban da masu gyarawa. A buɗe hanyar kai koke da ba ta bi ta ofishin kwamandan soja ba, don kada ƙorafin matarsa ya zama laifinsa. Sannan a wallafa yarjejeniyar kowa ya karanta kafin a sa hannu, kada a ɓoye ta da sunan sirrin tsaro. Bandaki da kwanon rufi ba sirrin tsaro ba ne.

Mutumin da muka ce ya je ya tari harsashi dominmu, mafi ƙarancin abin da muke binsa bashi shi ne ya tafi da kwanciyar hankalin cewa 'ya'yansa na kwana a busasshen ɗaki. Ku tura wannan ga ɗan majalisarku, ku tambaye shi matsayarsa tun kafin takarda ta iso teburinsa.

Allah Ya kare dakarunmu, Ya mayar da su ga iyalansu lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.