Yaro ya kwafe darasi a allo, mushe na shan shayi: wannan ba sabon salo ba ne



Makon jiya a shirinmu na rediyo wani uba ya bugo waya daga wajen Gesheme, ransa a ɓace. Ɗiyarsa tana aji uku a wani CEG, kuma wata guda ke nan wani ɗan ajinsu ke rubuta darasin fizik-shimi a allo, mushe yana gindin bedi da shayinsa. Da ya je ya yi magana, sai anka ce mishi wai sabon salo ne, yara su koyar da yara.

Haba jama'a! Mu ma mun zauna a bencin nan. Mun san wannan salon, sunansa gudun aiki.

Salon na gaskiya akwai shi, kuma muna goyon bayansa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura, haifaffen Kanada da ya koyar a jami'ar Stanford ta Amurka, ya yi gwaji a 1961. Yara ƙanana sunka kalli wani babba yana jibgar ƴar tsana ta roba, da anka bar su da ita sai sunka jibge ta yadda sunka gani. Ba wanda ya ce su yi. A littafinsa na 1977 ya ce kafin kallo ya zama koyo sai yaro ya maida hankali, ya riƙe abin a kansa, ya gwada da hannunsa, kuma ya ga amfanin yinsa. To a kwafar rubutu ina gwadawar take?

Wannan ba baƙon abu ba ne a Arewa. Wa ya taɓa koyon kokowa daga littafi? Mai lambun dankalin turawa a Dutsi, wajen yayansa ya ga yadda ake yanka iri. Abin da Bandura ya ƙara, kuma shi ya fi jan hankalinmu, shi ne mutum ya fi yarda zai iya idan wanda ya yi abin tamkarsa ne. Mushe ya haɗa batir da waya ƙwan tocila ya kama, yarinya ta ce ai mushe ne. Amma ƙawarta da suke ɗibar ruwa tare ta haɗa, ta yi kuskure, ta juya wayar, wuta ta kawo, nan take zuciyarta za ta ce ni ma bari in taɓa.

Kada a ce muna babu labo. Batir, waya, gwangwanin tumatir da za a shuka wake a ciki, ruwan tafki da yashi da gawayi don a ga tacewa, duka ba su kai jaka guda ba. Mun san aji ya cika maƙil, mun san ƴan kwantaragi na jiran albashi, ba mu raina wahalarsu. Cikar ajin ma ita ta sa ake buƙatar rukuni-rukuni na biyar ko shida, mushe yana zagayawa yana gyara, don kuskuren da yaro ya koya wa yaro shi ma kwaikwayonsa ake yi.

Kuma a tuna da ƴar tsanar nan. Idan abin da ka ba yaro shi ne bulala da takardar rubuta sunayen masu surutu, to bulalar za su koya.

Roƙonmu ga daraktoci da kwamitocin COGES: ku leƙa aji lokacin fizik da SVT. A daina zaɓen na ɗaya kullum, a ba na tsakiya da ƴan mata su nuna. A bar yaro ya bayyana wa ɗan uwansa da Hausa kafin su rubuta da Faransanci. Ku kuma iyaye, yau da dare ku tambayi ɗanku abin da ya taɓa da hannunsa a aji wannan watan, ku rubuto muna amsarsa za mu karanta a shiri.