Shin Wannan Ma Rali Ne?

Wata 'yar gardama ce ta taso a gidanmu ranar Juma'ar da ta wuce, har yau ta ƙi fita daga raina, shi ya sa na ce bari in kawo ta gabanku.

Babban ɗana ne ya tara 'yan kuɗinsa ya sayo keke na gwanjo, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, mai kaurin taya da giya barkatai, wanda aka ƙera don hawan duwatsu. Ya turo shi har zaure yana murna, ya ce, "Baba, na sayi irin keken Kaka." Ya nuna mini rubutun jikinsa, Raleigh, ga kuma tambarin nan mai kan zalɓe a gaba. Baffana yana kishingiɗe a kan tabarma, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Yaro, an yi maka sakiyar da ba ruwa. Wannan ba Rali ba ne."

Keken Kakan da yaron yake magana yana nan jingine a ɗakin ajiya. Baƙi ne wuluk, taya inci 28, birkinsa na sandar ƙarfe, sarƙarsa a rufe ruf don kada ta ci bakin riga, ga kariya a baya wadda za ta ɗauki buhu. Kakanmu ya biyo jirgin ƙasa ne ya zauna a Kafanchan bayan layin dogo ya iso a 1927, mahaifinmu kuwa da wannan keken ya ci kasuwannin Kagoro da Zonkwa da Kwoi, ya tafi da gishiri da kananzir, ya dawo da citta. A kansa aka kai ni makaranta ranar farko, a kansa aka kai mahaifiyarmu asibiti da daddare. Saboda haka idan Baffa ya ce Rali, wannan yake nufi, ba rubutu ba.

To amma mai karatu, in gaskiya za a bi, yaron bai yi ƙarya ba. Kamfanin ɗaya ne. A birnin Nottingham na Ingila aka kafa shi a shekarun 1880, sunan ma na titin da shagon farko yake ne. Ya bunƙasa har ya kafa masana'anta a Kano, kuma dattawa na tuna hoton tallan nan na mutumin da ya tsere wa zaki a kan keke. Ba yau ya fara sauya kama ba: wajen 1970 ya fito da Chopper, wani keken yara mai dogon sirdi wanda bai yi kama da namu ko kaɗan ba, ya kuma sayar da shi kamar me. Da keken hawan dutse ya ɓullo daga Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, ya cika kasuwa a shekarun 1980, su ma suka bi sahu. A 2002 suka daina ƙera keke a Nottingham, a 2012 wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Accell ya saye su.

Ni ban ga laifinsu ba. Bature ba ya ɗaura buhun masara a bayan keke, motsa jiki yake yi da shi. Mu kanmu da muke kukan an sauya mana Rali, mu muka fara gudunsa. Kuɗin Udoji na shigowa a tsakiyar shekarun 1970 ma'aikata suka koma babur, sannan baburan Sin masu araha suka zo suka ƙarasa sauran. Yau wa zai taka keke zuwa Kwoi alhali ga ɗan acaɓa? Kamfanin da ya tsaya jiran mu da tuni ya rufe.

Duk da haka ina bayan Baffa, sai dai dalilina ya bambanta da nasa. Shi siffa yake kallo, ba baƙi ba ne, ba murfin sarƙa, ba kariya. Ni kuwa ina ganin siffar shaida ce kawai ta wani alkawari da ke tsakanin keken da mai shi, wato zai ɗauki kaya, duk ƙauyen da ya lalace akwai mai gyara a gindin bishiya da zai tashe shi da sifana biyu da guduma, sannan ɗanka zai gaje shi. Da sun sauya launi ko sirdi suka bar wannan, da ba wanda zai ce uffan. Sabon keken kuwa da wani mutum daban ya yi alkawari, mai kwalkwali da gajeren wando, wanda in giyarsa ta samu matsala akwai shagon da zai je. Keke ne mai kyau, ban kushe shi ba, na hau na ji daɗinsa. Amma ba da mu aka yi shawarar ƙera shi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda sunan ya koma. Kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo, kowane ɗanɗanon miya ya zama magi, haka na sha jin tsofaffi suna kiran Phoenix na Shanghai ko Hero na Indiya da Rali, don kawai sun riƙe tsohuwar ƙirar. Kamfani ya tafi da takardun mallaka, mu kuma muka riƙe kalmar muka ba wanda muka ga dama.

(Wannan batu yana ɗan sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. In muka je Kano biki, 'yan uwa kan yi dariyar Hausarmu, su ce ta sha ruwan Kudancin Kaduna. Sai in ce musu su bar duba fenti, su ɗora mana kaya su gani.)

Inda gardamar ta yi zafi shi ne da yaron ya ce tunda an samu sabo, a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe da na Kaka, ya tare wuri a banza. Baffa bai ce komai ba, ya tashi ya shige ciki, abincin dare ma bai ci ba. Washegari na tura tsohon keken wurin mai gyara a bakin kasuwa. Tayar Phoenix ta shige shi daidai kamar don shi aka yi ta, aka sa mai a sarƙa, aka ɗaure birki, kafin azahar na hawo shi zuwa gida.

Yanzu duka biyun suna zaure. Ranar Asabar yaron ya hau nasa shi da abokansa suka nufi wajen duwatsun Kagoro, ya dawo yana ba da labarin gangaren da ya sauko ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba. Da yamma mahaifiyarsa ta ce a kai masara inji. Ina kallonsa ya zagaya sabon keken sau biyu yana neman inda zai ɗaura buhu, sannan ya jawo na Kaka. Baffa ya ce, "A hankali dai, Rali ne."