Jarumin Da Bai Sha Wuya Ba

Hutun da ya wuce na koma gida Ajingi, na tarar da samari a gidan kallo suna ta yi wa Rey tafi, wato jarumar fim ɗin Star Wars na 2015. Yarinyar da ba ta taɓa zama gaban malami ko na yini guda ba, sai ga ta ta ɗauki takobin haske ta kayar da Kylo Ren, wanda ya yi shekara da shekaru yana koyo. Na ce wannan yaudara ce. Aka ce mini ai fim ne. To, ga amsata.

Ku dubi Luke Skywalker a fim ɗin 1980. Ya yi gaggawa ya bar malaminsa Yoda tun horo bai kammala ba, sai Darth Vader ya sare masa hannu. Da ya komo a 1983 mun yarda da ƙarfinsa, domin mun ga abin da ya biya. Masu kare Rey sun ce ai Kylo Ren da rauni a jikinsa. Haka ne. Amma a fagen dambe, yaushe ɗan kallo ya taɓa kayar da gogaggen ɗan dambe don kawai ya yi targaɗe?

Wasu kuma sun ce don mace ce nake suka. Allah ya kiyaye! Ripley ta fim ɗin Alien na 1979 mace ce, ma'aikaciyar jirgi kurum, amma da tsoro da dabara ta tsira, shi ya sa ba mai musun jaruntakarta.

Mu 'yan ƙasar Gaya mun fi kowa sanin wannan. Labarin Bayajida ya nuna sai da ya yi gudun hijira, ya tsaya wurin maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, kana ya tunkari macijin rijiyar Kusugu a Daura. Kakanninmu ba su yarda su ba jarumi nasara kyauta ba.

'Yan'uwana ɗalibai, abin da muke tafa wa a majigi shi muke kwaikwaya a fili. Wanda ya saba ganin ƙarfi na faɗowa daga sama, gobe zai nemi digiri ba karatu, ya nemi kujera ba aiki. In ya samu kuwa, talakan Ajingi ne zai biya kuɗin jahilcinsa.

Saboda haka kafin ku tafa wa jarumi, ku tambaye shi: ina tabonka?