Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

A wannan wata za mu leƙa Emacs, manhajar rubutu ta kyauta wadda Richard Stallman ya fitar a 1985. Mai amfani da ita yakan ɗora mata ƙananan manhajoji na ƙari don sauƙaƙa aiki, to a nan ne da yawanmu muke tuntuɓe.

A da, in an kunna ta, sai ta gama karanta fayil ɗin umurninmu, wato init.el, sannan ta tashi manhajojin ƙarin. Daga fitowa ta 27, a 2020, aka sauya tsari: takan fara da early-init.el, ta tashe su, sannan ta zo kan init.el.

Saboda haka in muna so mu hana su tashi da kansu, ko mu nuna mata wani wurin da muka ajiye su, a early-init.el za mu rubuta. Wanda ya rubuta a init.el ya makara, tamkar malamin da ya kawo dokar jarrabawa bayan yara sun miƙa takardunsu. Sauran gyare-gyare kuwa, mu bar su a init.el.

Allah ya kai mu wata mai zuwa.