DAGA ƊAKIN TICHA: Neman Shirun Fanka, Kada A Kashe Iska

A wannan wata zan ɗan ajiye zancen jarrabawa da kuɗin makaranta, in ba ku labarin wata 'yar rigima da ta kusa shiga tsakanina da maigidan da nake haya a nan Aboabo, a kan wani inji da bai fi akwatin talabijin girma ba.

Injin nan shi ne ake kira firinta ta 3D. Ita ba takarda take bugawa ba, siffa take ƙerawa da roba. Tana jan zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ta narkar da shi a zafin da ya kai wajen digiri 200, ta tsiyayo shi ta wani ɗan tsini, tana jera shi shimfiɗa bisa shimfiɗa kamar yadda magini ke jera bulo. Da can sai manyan kamfanoni ke da irinta. Amma a 2005 wani malamin Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya soma shirin RepRap don kowa ya iya haɗa tasa, kuma a 2013 wani mutumin Togo, Afate Gnikou, ya haɗa guda a Lome da tarkacen tsofaffin kwamfutoci. Ni kuwa ta hannu na saya, don in riƙa ƙera wa yaran ajina na JHS dala da mazurari da haƙoran giya, su taɓa da hannu maimakon kallon zane a allo.

To, ga inda gizo ke saƙar. Abu ɗaya yakan ci awa shida ko takwas, saboda haka da dare nake kunna ta. Kun dai san zaman gidan haya a Zango: bango ɗaya ne ya raba ɗakina da na maigida, dattijo mai tashin dare don nafila. Wata rana bayan sallar asuba ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Ticha, injin niƙa ka buɗe mana a ɗaki ne? Kwana uku ke nan barci ya gagare ni." Kunya ta kama ni. Na ce, "Baba, a yi mini afuwa. A ba ni mako biyu, in ban shawo kansa ba zan fitar da shi."

Da na zauna na kasa kunne, sai na gane yawancin ƙarar daga fankoki take fitowa, kuma huɗu ne, kowace da aikinta. Ta farko tana hura wuyan ƙarfen da ke saman tsinin, don kada zafi ya hau sama. Ta biyu tana busar da robar da ta fito don ta daskare nan take. Ta uku tana sanyaya allon lantarkin da ke sarrafa injin, ta huɗu kuma tana cikin akwatin da ke karɓar wuta daga bango. Yawancinsu ƙanana ne, faɗin milimita 40, kuma ƙaramar fanka dole ta yi gudu ƙwarai kafin ta tura iskar kirki. Gudun nan shi ne kukan. Ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga boris ɗinta daga Disamba zuwa Fabrairu, har ta soma gurnani.

Nan ne na yi kuskuren da ya sa na ɗauki alƙalami. Na sayo wata fanka mai laushin murya na sa a gurbin ta farko. Shiru ya samu, har na yi wa kaina kirari. Bayan awa biyu sai na ga kan injin yana ta yawo a banza, babu robar da ke fita. Ashe sabuwar fankar iskarta ba ta kai ta tsohuwar ba. Irin robar da muka fi amfani da ita, wato PLA, tana soma laushi tun daga wajen digiri 60, ga shi kuwa ɗakin kwano a Kumasi cikin watan Maris shi kansa tanda ne. Zafi ya hau wuyan ƙarfen, zaren ya kumbura ya toshe hanya. Kayan darasin gobe suka lalace, na kuma kashe yinin Asabar ina kwance ina ɗaurawa. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Ga abin da na koya, don amfanin malamai 'yan'uwana da samarinmu masu sha'awar wannan sana'a.

Na farko, kafin ka kashe sidi ko ɗaya, ka zare waya daga bango, ka share ƙurar fikafikan da buroshi, ka ɗaure duk sukurun da ya saki. Sau da yawa rabin ƙarar ke nan.

Na biyu, ka duba takardar da ke manne a bayan fanka. Injina da yawa da 24V suke aiki, alhali fankoki marasa ƙara da dama na 12V ne. In ka haɗa ta kai tsaye za ta ƙone. Sai dai ka sa ɗan allon rage wuta a tsakani, ka auna da mita tukuna, kuma kada ka juya jar waya da baƙa.

Na uku, ka duba yawan iskar da take turawa, wanda ake rubutawa CFM a kwali, kada ya gaza na tsohuwar. Ni da na koma kan mai kaurin milimita 20 maimakon 10, faɗi ɗaya amma iska ta fi yawa, toshewa ta ƙare.

Na huɗu, inda akwai sarari, babbar fanka mai tafiya a hankali ta fi ƙarama mai gudu. A kan allon lantarki na sa ta milimita 80, kuma firintar da kanta ta ƙera mini murfin da ya dace da ita.

Na biyar, akwatin wuta ba wurin gwaji ba ne. Wutar bangonmu 230V ce, kuma akwai kayan ciki da ke riƙe wuta ko bayan an zare waya. Ka kai wa ƙwararren mai gyaran rediyo, ba su da wuyar samu daga Asawase har Suame Magazin. Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa ka cire fanka ɗungurungum. Wannan neman gobara ne a gidan mutane.

Saura kuma ƙugin da ke bin tebur ya shiga bango. Shi ba laifin fanka ba ne. Na ɗora injin a kan falon siminti, na sa soson katifa a ƙarƙashi, ya ragu sosai. Wanda injinsa ke yin kukan sauro in kan yana tafiya, sai ya nemi allo mai ɗauke da TMC2208 ko makamancinsa.

Masana sun ce in ƙara ta ragu da desibel 10, kunne yakan ji kamar ta ragu da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a ƙa'idojinta na 1999, ta ba da shawarar kada hayaniya ta wuce desibel 35 a aji, da 30 a ɗakin kwana. To, ni ma'aunina shi ne Baba. Ranar da mako biyun ya cika ya leƙo ya ce, "Ticha, ka sayar da abin naka ne?" Alhali a lokacin tana cikin aiki, tana ƙera masa sabon maɓallin rediyonsa da ya karye tun bara.

Jama'a, yau janareto da injin niƙa da lasifika sun cika unguwanninmu, kuma kowa da hujjarsa ta neman abinci. Amma maƙwabci yana da haƙƙi, barcinsa ma yana ciki. Kowa ya saurari injinsa da kunnen wanda ke bayan bango, ya gyara shi da ilimi, ba da gaggawa irin tawa ba.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalam.