Wa Ya Ce Matar Gida Ba Ta Aikin Komai?

Ran nan muna zaune a zauren makoki cikin birnin Katsina, bayan an kai wata tsohuwa ta unguwarmu makwancinta, wadda ta haura shekara 90 a duniya, Allah Ya jiƙanta da rahama, sai wani baƙo, ganin yadda jama'a suka yi cincirindo har lungu ya toshe, ya tambaya ko wane muƙami marigayiyar ta riƙe. Jikanta kuwa, saurayi mai ilmin zamani, ya ce ai Inna ba ta taɓa aikin komai ba, matar gida ce kawai. Maganar ta tsaya mini a rai, ba don yaron ya nufi cin zarafin kakarsa ba, domin idanunsa jajur suke don kuka, sai don ya furta abin da galibinmu muka ɗauka gaskiya ce, watau aiki shi ne wanda ake fita dominsa da safe a karɓi albashi ƙarshen wata, saura duk zama ne. Wannan ra'ayi ɓata ne, kuma zalunci ne ga iyayenmu mata.

Da idona na sha ganin Inna, tun ina yaro, in an ƙwanƙwasa mata ƙyaure da tsakar dare cewa wance na kan gwiwa, ta yafa mayafi, ta ɗauki fitilar ƙwai, ta bi ɗan aike cikin sanyin hunturu ba tare da ta tambayi ladan tafiya ba. Kuma ba ta ɗauke ƙafa daga gidan sai ta yanke cibi, ta dafa ruwan wankan jego, ta dama kunun kanwa, ta ga mai jego ta yi arba'in lafiya. In mace ta cika, ita ake kira ta yi mata sutura, da ganyen magarya da kafur, bisa yadda shari'a ta tsara. Ita ce uwar adashin matan unguwa shekara da shekaru, ba takarda ba alƙalami, amma ko kwabo bai taɓa yin ciwon kai a hannunta ba. A farin 1973, sa'ad da yunwa ta koro talakawa daga ƙasar Nijar, ta ƙara tukunya a kan wadda take ɗorawa, daga ribar ƙuli-ƙulinta da daddawarta. Marayun da ta riƙa har ta aurar, da auren da ta ɗinke bayan ya kai bakin tsinkewa, Allah kaɗai Ya san adadinsu.

Shin daga ina muka kwaso wannan mizani da yake auna irin wannan hidima ya ce babu? Daga lissafin masana tattalin arziki ne, waɗanda in sun zo ƙididdige abin da ƙasa ta samar a shekara ba sa shigar da aikin gida da ba a biya ba, har ya zama abincin da aka saya a kasuwa dukiyar ƙasa ce, wanda uwa ta tuƙa wa 'ya'yanta kuwa ba shi cikin littafi. Su dai sun san iyakar ma'auninsu. Mu ne muka mai da shi hukunci a kan darajar mutum. Alhali kuwa Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa, nan kusa da mu, ta nuna tun a 1969 cewa akwai babbar kasuwa a ɓoye cikin gidajen Hausawa, mata ke tafiyar da ita daga tsakar gida ta hannun 'yan talla. Abin kunya ne baƙo ya ga abin da ɗan gida ya runtse ido a kansa.

Addininmu ma bai koya mana haka ba. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa wata mace mai sharar masallacin Madina ta rasu, aka binne ta ba a sanar da Manzon Allah ba, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar an ƙanƙanta sha'aninta. Da ya neme ta bai gan ta ba, ya sa aka nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Haka Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru a kan kafaɗun su jaji, dattijan matan ƙauyuka marasa albashi, su ne suka kai ilmi har ɗakunan da malami namiji ba ya shiga.

Wani zai ce yabon matar gida dabara ce ta hana 'ya mace boko. Haihata! Shehu kansa cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, ni ma burina in ga 'ya'yanmu mata likitoci da alƙalai. Amma ɗaukaka likita bai wajabta ƙasƙanta ungozomar da ta karɓi haihuwarta ba. Kuma illar wannan raini ba ta tsaya ga fatar baki ba: wanda ya yi imani matarsa ba ta aikin komai, shi ne zai sallame ta bayan shekara 30 da 'yan kwanoninta, zuciyarsa kwance, yana ganin ciyar da ita ya yi kyauta.

Saboda haka ina kira ga matasanmu masu alƙalami, su zauna gaban tsofaffin da suka rage su rubuta tarihinsu, kamar yadda Mary Smith ta rubuta na Baba ta Karo aka buga a 1954, tun kafin ƙasa ta rufe abin da ke ƙirazansu. Jikan Inna kuwa, na ja shi gefe na ce, ɗana, dubi taron nan, ka ƙirga waɗanda hannunta ya fara taɓawa ranar da suka zo duniya, sa'an nan ka koma ka ba baƙon nan amsa.