Namiji da Tukunya, Ina Abin Kunyar?

Ya kai ɗan'uwa ɗalibi, ka ƙaddara Inna ta kwanta ciwo, yayarka tana ɗakin mijinta, magariba ta kawo jiki, ƙannenka na kukan yunwa. Me za ka yi? Cewa za ka yi ai kai namiji ne, ba ka iya girki ba? To wallahi wannan ba uzuri ba ne.

Imamu Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana taya iyalinsa aikin gida, in lokacin salla ya yi sai ya fita. Malaman tarihi kuma sun kawo yadda Sayyadina Umar, yana Halifa, ya saɓo gari da kansa, ya hura wuta ya dafa wa wata baiwar Allah da 'ya'yanta. To kai fa?

Ba a ce ka fara da tuwo ba, tuƙi sai an saba. Ɗora garau-garau. Zuba wake tukuna da 'yar kanwa, in ya kusa nuna ka wanke shinkafa ka zuba, ka rage wuta. Ga mai, ga yaji, shi ke nan. In ya caɓe yau, gobe ka rage ruwa.

Ku kuma masu ci, ban da dariya. Annabi (S.A.W.) bai taɓa kushe abinci ba.

Albarkar da Inna za ta sa maka ta fi ƙarfin tsokanar abokai. Allah Ya sa mu dace, amin.